Jajayen Sitika Biyar

"Hura! Hura! Ci gaba, kar ki tsaya, saura kaɗan!"

Hinke Wiersma ta hura cikin bututun robar har idanunta suka kawo ruwa, sannan tari ya ƙwace mata. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa mata takardar share baki, ta dubi allon na'urar, ta yi ɗan rubutu. Karo na uku ke nan ana maimaitawa, kuma ko Hinke da ba ta san karatun na'ura ba ta ga layin bai kai inda ya kai bara ba.

Likitar huhu, wata doguwar mace mai gajeren gashi, ba ta yi zagaye-zagaye ba, don likitocinmu ba su iya shi ba. Ta juyo da kwamfutar wajen Hinke tana nuna mata da bayan biro. Tabon da ke cikin huhun ya ƙaru tun daga kaka. Abin da ya rage yana aiki bai fi rabi ba. Akwai magani, amma rage wa ciwon gudu kawai yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi.

Hinke ta gyaɗa kai kamar farashin man shanu ake gaya mata. Ta buɗe jaka ta zaro wata takarda da ta ninke gida huɗu.

"Ba yau za ki sa hannu ba," in ji ta. "Sai tafiya ta matso. Tambaya kawai nake yi."

Likitar ta karanta. Takardar shaidar lafiya ce, wadda ake nema wurin duk mai son ratsa kwazazzabon Kogin Kifi a Namibiya.

"Kwana nawa ake yi a ciki?"

"Biyar. A ƙafa, kowa da kayansa a baya. Ni da ƙawayena uku."

"Madam Wiersma, ba zan sa hannu ba. Ba yau ba, ba kuma a watan Agusta ba. In yawon mota ne, ki zauna ki kalli giwaye ta taga, ki kwana a garin da ke da asibiti, sai mu auna ki mu ga ko za ki iya jirgi, wataƙila ma ki je. Amma ramin kwana biyar da babu hanyar mota, ki cire shi daga ranki."

"Kallon giwa ta taga ai na tsofaffi ne."

"Shekararki sittin da huɗu."

"Shi ya sa na ce na tsofaffi ne."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta mayar mata da takardar, ta ce ta dawo bayan mako shida.

Ranar Juma'a ce, kasuwar birnin Leeuwarden na ci, iskar Fabrairu na ta kaɗa rumfuna da yayyafi. Bana Hinke ce da kawo kek wurin taron ƙawayenta, don haka ta bi ta rumfar Sjoerd mai kek, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"A'a, Hinke! Yau ma a ƙasa? Ina dokin naki?"

"Taya ta yi faci."

"Makon jiya faci, wancan makon faci. Ƙusoshi ake shukawa a layinku?"

"Yanka min kek ka rabu da ni, sarkin surutu. Yanka huɗu, kuma kar ka ba ni na gefe."

Taya lafiyarta ƙalau. Keken yana jingine a ɗakin ajiya tun bayan Kirsimeti, kuma kunyar hakan ta fi tarin damunta. Ta hau bas ɗin Stiens, garin ƙawarta Boukje, ta zauna jikin taga, kwalin kek a cinya. A gefen titi mata sa'o'inta suna tuƙa keke, sun duƙar da kai suna faɗa da iska. Shekara da shekaru tana cikinsu, tana yi wa na cikin bas kallon ragwaye.

Su huɗu ne: ita, da Boukje, da Marrit, da Jildou. A masana'antar madara suka haɗu, suna tsaye kan layin cika kwalaye, kuma shekara ashirin da shida ke nan ba su taɓa fashin tafiya hutu tare ba. Duk Fabrairu sukan taru a gidan Boukje, a shimfiɗa taswirar ƙasar da za a je, kowace a ba ta ƙananan sitika biyar masu launinta. Ana zagayawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta manna nata a inda take so. Wuraren da suka fi tara sitika nan za a je, babu ƙorafi bayan haka. Hinke ce magatakarda, ita ke riƙe da littafin taro, kuma da hannunta aka rubuta dokar da ke shafin farko: wadda ba za ta iya ba ta faɗa, in ba ta faɗa ba, a faɗa mata.

An taɓa aiki da dokar sau ɗaya. A da su biyar ne, da Tine. Shekarar da ƙugun Tine ya lalace kowa ya yi ta kame-kame, Hinke ce ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Ba za ki iya ba, za ki riƙe mu." Ba da mugunta ta faɗa ba. A wajenmu wanda ka ɗauka mutum shi kake gaya wa gaskiya, yaro da mahaukaci ake lallaɓawa. Amma ta ga abin da ya biyo baya. Wadda ba ta cikin tafiya ba ta cikin tattakin ranar Lahadi na motsa jiki, ba ta cikin taron shiri, ba ta cikin daren kallon hotuna. Babu wanda ya kori Tine. A hankali dai aka daina samun abin da za a yi hira da ita.

Abin da Hinke ke tsoro ke nan. Mijinta ya rasu shekara bakwai da suka wuce, ɗanta tilo yana Kanada, sai waya ranar Lahadi. Mako ukun nan na tafiya da wata shida na shirinta su ne shekararta gaba ɗaya. Don haka kafin bas ya kai Stiens ta gama yanke shawara: ba za ta ce uffan ba. Za ta manna sitikarta a kwazazzabo kamar kowa. Daga nan zuwa Agusta magani zai iya kama ta, in kuma bai kama ba, ai likita ba ɗaya ba ne a ƙasar.

Ta sauka da sauran minti goma, ta laɓe a bayan katangar coci har numfashinta ya daidaita, ta danna ƙararrawar Boukje ƙarfe biyu daidai.

"Shigo, shigo, iska na kwashe min ɗumi," in ji Boukje, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta taɓa yi wa kowa sannu da zuwa ba.

Hinke ta je rataye kwat ɗinta na sanyi, hannunta ya gogi kwat ɗin Marrit da na Jildou. A bushe suke ƙayau. Tun sha biyu ake yayyafi, kuma da keke suka zo, ta ga kekunan a waje. Ta ɗan tsaya riƙe da hannun kwat ɗin. Mutanenmu ba sa makara, amma kuma babu mai zuwa gidan wani awa biyu kafin lokaci sai da dalili.

A falo taswirar Namibiya ta rufe teburi, an danne kusurwoyinta da kofuna. Marrit, siririya mai gilashi, ta miƙe ta ja mata kujera, abin da ba ta taɓa yi ba. Jildou, mai saurin kuka da saurin dariya, ta ce sabon askin Hinke ya yi mata kyau, alhali tun Nuwamba rabonta da aski. Aka zuba kofi, aka raba kek, Hinke ta buɗe littafi ta rubuta kwanan wata, ta raba sitika: ja nata, shuɗi na Boukje, kore na Marrit, rawaya na Jildou.

"Magatakarda ke farawa," in ji Boukje.

Hinke ta manna ja a kan kwazazzabon Kogin Kifi, can ƙasan taswira, ta danna shi da babban yatsa.

Marrit ta ɗaga korenta, ta wuce da shi ta saman kwazazzabon, ta ajiye a Swakopmund, garin bakin teku. Jildou ta sa rawaya a Etosha, gandun namun dajin da ake zagayawa cikin mota. Boukje ta bi Marrit zuwa Swakopmund. A zagaye na biyu Hinke ta sa ja a kan tuddan yashi na Sossusvlei, sauran suka sake komawa bakin teku da gandun daji. A na uku Marrit ta sa kore a Windhoek, babban birni.

Hinke ta ajiye biro.

"Marrit, me za ki yi a Windhoek?"

"Akwai gidan tarihi. An ce da kyau."

"Tun Nuwamba kike hawa benen gidanku sau arba'in da jaka cike da littattafai, har maƙwabta suka kai ƙararki. Don gidan tarihi?"

"To, mutum ba ya canza ra'ayi?"

"Ke kuma Boukje, ke kika ce wanda ya bi jirgin awa goma sha ɗaya don ya kalli teku a duba kansa, tunda muna da namu a bayan gida. Jildou, kallon dabbobi daga mota, wa ya ce na masu tumbi ne?"

"Gwiwata ce," in ji Jildou da sauri. "Kwanan nan tana..."

"Wace gwiwar? Ta hagu ko ta dama?"

Jildou ta dubi gwiwoyinta biyu, ta rasa wadda za ta zaɓa, idonta ya cika.

Hinke ta sake duban taswirar. Yanzu ta ga abin da suka yi sarai. Duk inda suka manna sitika yana bakin kwalta ne, kuma yana kusa da babban gari. Wata ta zauna da fensir ta auna nisan kowane wuri da asibiti, har ga ɗan gurbin da aka goge bai gogu sosai ba. Wani zafi ya taso mata daga ciki, ba na ciwo ba, na wulaƙanci.

"Kun yi taro ba ni."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara ashirin da shida! Kun zauna a kan wannan teburin kun yi shawara a kaina kamar wata tsohuwar kyanwa da za a kai wa likitan dabbobi. Wa ya gaya muku?"

"Wa zai gaya mana?" in ji Boukje. "Makafi ne mu? Sau uku Marrit ta gan ki kina tura keke a kan gadar bayan tasha, gadar da jikana ɗan shekara biyar yake hayewa yana waƙa. Ranar Lahadi kullum igiyar takalminki ke kwancewa a tsakiyar hanya. Kin zaci ba mu san hutawa kike yi ba?"

"To me ya hana ku faɗa min?"

"Mun jira ki faɗa. Ba ki faɗa ba."

"Doka ta ce in ba ta faɗa ba a faɗa mata!"

"Mun san abin da doka ta ce, uwar doka. Mun kuma ga yadda ta ƙare da Tine." Boukje ta ture farantin kek gefe ta jingino da hannuwanta a kan taswirar. "Saurara, Hinke. Ki yi shiru ki karɓa. Mu je mu kalli giwaye, mu ci kifi a bakin teku, mu dawo mu huɗu. Kwazazzabo ba ya gudu. Babu wadda aka tilasta wa, da kanmu muka zaɓa."

Da ta yi shiru a nan da ta tafi Namibiya. Ta sani, don abin da suka zana a taswirar nan shi ne daidai abin da likita ta ce zai yiwu. Kalma ɗaya ce tsakaninta da jirgi, ta ce "to". Amma ta hango kanta mako uku a kujerar gaban mota, ana tambayarta ko ta sha ruwa, ana rage tafiya in ta yi tari, Marrit tana kallon duwatsu daga nesa tana haɗiye yawu. Ita da aka sani da jan gaba, ta koma kayan da ake lallaɓawa.

"Ba na son sadaka," in ji ta. "Ki dube ni ki faɗa min, Boukje. Yadda na faɗa wa Tine."

"Hinke, don Allah," in ji Jildou.

"Ki faɗa!"

Boukje ta dube ta. Fuskarta ta yi ja har wuya.

"Ba za ki iya ba. Ko tudun yashi ɗaya ba za ki hau ba, balle rami. In kika faɗi a can babu mai ɗauko ki sai mu, kuma ni ba zan buga wa ɗanki waya daga hamada in ce ya zo ya ɗauki gawa ba. Kin ji. Hankalinki ya kwanta?"

"Na gode," in ji Hinke. "Likita ma haka ta ce yau da safe. Rabin huhu ya rage min."

Jildou ta fashe da kuka. Marrit ta cire gilashi tana gogewa da gefen riga. Hinke kuwa ta sa farce ta fara ɓamɓare sitikar ɗaya bayan ɗaya, tana mayar wa kowace nata, har taswirar ta koma fes. Nata jajayen ta manna su a bayan hannunta na hagu.

"A sake. Wannan karon kowace ta sa inda ranta yake so. Wadda ta yi min ƙarya zan gane."

"Ke fa?" in ji Marrit.

"Mai tafiya ke zaɓe. Fara."

A can ƙasan ranta ta yi zaton za su ƙi. Ta yi zaton wata za ta ture taswirar ta ce in babu Hinke babu Namibiya, a yi rigima, a roƙe ta, wataƙila ma ta bari a shawo kanta. Amma ita ta koya musu cewa in an nemi gaskiya gaskiya ake bayarwa. Marrit ta mayar da gilashinta, ta ɗauki kore, ta manna a kan kwazazzabon Kogin Kifi. Ba ta ko yi jinkirin da ake yi don kunya ba. Jildou tana share hawaye da hannu ɗaya ta sa rawaya kusa da shi. Boukje ta daɗe tana juya shuɗinta a yatsa, sannan ita ma ta sa.

Cikin minti biyar an gama. Shida a kwazazzabo, huɗu a tuddan yashi, uku a dutsen Brandberg da ake kwana uku ana hawa, biyu a wani busasshen kogi can arewa inda ake kwana a tanti. Ko ɗaya bai faɗa bakin teku ba. Hinke ta ƙirga da ƙarfi kamar yadda ta saba, ta rubuta a littafi, ta ja layi.

Da farko sun yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Sai Marrit ta ce ai sai an yi rajistar kwazazzabon da wuri, Jildou ta tambayi lita nawa na ruwa mutum zai ɗauka, Boukje ta ce takalmin Jildou na bara ba zai yi ba, Jildou ta ce wa ya isa ya raba ta da takalminta. Kafin a zuba kofi na biyu gardama ta kaure, har Marrit ta yi dariya, ta tuna, ta rufe baki. Hinke ta yi ta rubutawa. Babu abin da ya taɓa yi mata ciwo irin wannan dariyar, kuma babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Biyar da kwata aka fara ture kujeru. Marrit ta rungume ta a tsaitsaye, Jildou ta riƙe ta har sai da ta ce, "Sake ni, kin san numfashin ba yawa." Suka fita, aka ji ƙarar kekunansu a kan tsakuwa. Hinke ta bar littafin taron a kan teburi, ta je ta ɗauko kwat ɗinta. Akwai bas da ƙarfe shida saura kwata.

"Tsaya ki ci abinci," in ji Boukje daga bayanta.

Hinke ta juyo, hannu ɗaya cikin kwat. Ta zaci ba ta ji daidai ba. Sau ɗaruruwa ta sha kofi a gidan nan, amma ba ta taɓa ganin ƙarfe shida a cikinsa ba. Baƙon rana kafin shida yake tafiya, kowa ya sani. Dankali ƙirga shi ake yi kafin a fere, nama yanka ɗaya ne ga kowane mutum, wanda za a ciyar kuwa tun da mako biyu ake sa masa rana.

"Haba Boukje. Ai ba ki sa da ni ba."

"Na ce ki tsaya."

Boukje ta wuce kicin, Hinke ta bi ta har bakin ƙofa. Douwe, mijin Boukje, yana tsaye yana jera cokula, ya ɗaga mata kai. Faranti uku ne a kan teburin. A kan murhu ga tukunyar dankali cikin ruwa, ga yankan nama uku a faranti an rufe da leda.

"Yaushe kika fere wannan?"

"Da safe."

"Tun kafin a yi zaɓe?"

Boukje ta kunna murhu, ba ta juyo ba.

"Shekara talatin na san ki, Hinke. Na san ba za ki karɓa ba. Na dai ce bari in gwada."

Hinke ta buɗe baki za ta yi magana, numfashin bai isa ba. Ta ja kujerar da ke gaban faranti na uku ta zauna, kwat ɗin na rataye a kafaɗa ɗaya.